Awakin Baffa da suka ɓata a kusurwar gabas

Ban taɓa shan wahala irin ta makon da Baffa ya rasu ba. Ba haƙar kabarin nake nufi ba, ko da yake ita ma ta ba mu wuya, don ƙasa ta sha ruwa, muna haƙa tana rufto mana, sai da muka sake wuri. Wahalar ita ce zaman kwana uku a ƙofar gida, mutane na miƙo mini hannu suna cewa ni na riƙe tsohon har ƙarshe, Allah ya saka mini da alheri. Duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar ya ɗora mini bulo a ƙirji. Ina dai cewa amin.

Ƙanin mahaifina ne. Ni magini ne, a aji huɗu na bar firamare, saboda haka wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri. Ɗan Baffa da ke aiki a Abuja ya ce kowa a dangi ya rubuta abin da ya sani game da shi, a haɗa a ajiye wa jikoki. Na ce to. In ya karanta nawa ya ga bai dace a haɗa ba, ba zan ji haushi ba.

Mutane sun zo. Ƙauyenmu bai taɓa ganin motoci haka ba, har wata ta kafe a gonar gyaɗar maƙwabcinmu, mai gonar ya zo da faɗa, da ya ji gaisuwar wa suka zo sai ya tuɓe riga ya shiga turi. Liman ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi karatu har ƙasar waje ya dawo yana kai taki gona a kan jaki ba sai shi. Wani tsoho ya tako da ƙafa daga wajen Zakirai, ya zauna ya ce, "Ni fa mutumin nan ya raba ni da taku biyu na gonata, har yau ban huce ba." Sai ya share ido da hannun riga ya ce, "Amma ba nawa ba ne. Shi ya sa na zo." 'Yan majalisar gindin darbejiya kuwa, da ba sa iya zama ba su yi shaƙiyanci ba ko a gidan mutuwa, sai suka riƙa raɗa wa juna, "To yanzu wa zai ci gadon awakin?" Suna dariya ƙasa-ƙasa, suna istigfari.

Inna, matarsa, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da na shiga gaishe ta abu ɗaya ta ce: "Ya huta da akwatin nan." Kwamfutarsa take nufi.

Baffa bai da akuya ko ɗaya. Awakin da ake faɗa a cikin kwamfuta suke, kuma zan zo kansu.

Ya yi fiye da shekara talatin yana aiki a wata jami'a, a ɗakin da ake ajiye abubuwa masu fitar da wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa bango yana dafa jikin mutum. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka a birni zai zauna. Sai ga shi da akwatunan littattafai a bayan a-kori-kura, ya gyara zauren kakanmu, ya kafa sola a rufi, ya karɓi gonarsa daga hannun wanda ke aro. Ba shi da doguwar gaisuwa. Kana cikin tambayar iyali zai ce, "Lafiya lau. Me ya kawo ka?" Shayinsa ba sukari. Ba ya yarda ya ja salla ko liman ba ya nan, wai shi bai auna karatunsa ba. Kuma duk rigar da ya saka akwai tef a aljihunta. Ya auna ramin shuka, ya auna tsayin gero duk Juma'a ya rubuta, har tuwon Inna ya taɓa cewa ya ragu, ta ce to gobe ya zo ya auna tsabar da yake ba ta.

Lokacin da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni. Ya sa ni a makaranta na gudu, ya mayar da ni na sake gudu. Bai dake ni ba. Ya zaunar da ni ya ce, "To me hannunka ke so?" Na ce gini. Washegari ya kai ni wajen wani tsohon birkila, ya saya mini cokalin gini da filam na duba miƙewar bango da tef sabo fil, ya ce, "Waɗannan biyun kowa na iya koya. Wannan na ukun shi ne mutuncinka."

Mun taɓa yin rigima babba. Na yi wa wani katanga, ina da aure a lokacin har da 'ya'ya, ga leburori suna ce mini oga. Baffa ya zo wucewa, ya tsaya, ya rufe ido ɗaya, ya zaro tef. Katangar ta ci hanya da ɗan abin da bai kai tafin hannu ba. Ya ce in rushe. Na ce Baffa wa zai gani? Ya ce, "Amalanke za ta gani." A gaban yarana ya tsaya har na sauke layi shida da hannuna. Na yi damina guda ban taka zaurensa ba. Shi ma bai aiko ba. Amma bayan nan, a wajen wani suna, na ji shi da kunnena yana gaya wa mutane, "Ɗan yayana ba shi da boko, amma tef ɗinsa ba ya ƙarya." Ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi irin wannan ba. Yanzu kuma ita ce ke hana ni cin abinci.

A wajenmu gona ba ta da faɗi, kowa na jin tarin maƙwabcinsa daga tasa, saboda haka rigimar iyaka ba ta ƙarewa. Dagaci kan aiko a kira Baffa. Na raka shi sau da yawa, ni ke riƙe bakin tef. Wata rana 'ya'yan wa da ƙani suna neman sare juna a kan wata ɗorawa, kowa ya ce a tasa take. Baffa ya sa kowa ya taka iyakarsa yadda ya san ta, muna binsu muna kafa tsinke. Wajen ɗorawar iyakokin sun hau juna. Amma can ƙarshen gonar sai ga wani ɗan siririn wuri da babu wanda ya taka, wannan ya ce na wancan ne, wancan ya ce na wannan ne, ciyawa ta rufe shi. Baffa ya tsaya a kai ya daɗe. Ya ce, "Wurin da mutum biyu ke ja, da sauƙi, ihu zai kai ka. Wurin da ba na kowa ba shi nake tsoro, don ba mai kiranka."

'Yarsa ta fari ciwon daji ne ya kashe ta. Sun yi ta kai ta gari mai nisa inda ake da injin ƙona ciwon, su tarar da layi, ko su tarar ya lalace. Ta bar yara uku. Baffa bai taɓa ɗauko zancen ba. Amma da wani Alhaji ɗan kasuwa, da ke gina asibitinsa a bakin birni, ya zo ya ce zai kawo irin injin, yana son wanda zai tabbatar masa ɗakin zai riƙe hasken, Baffa bai bari ya gama magana ba ya ce zai yi, kuma ba ya son ko sisi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ni zan zama shugaban maginan ɗakin.

Ba irin ɗakin da muka saba ba ne. Ba bulo, kankare ne zalla da rodi, kaurin bangon ya fi tsayin mutum a wasu wuraren, ga wata hanya mai lanƙwasa kafin ka kai ciki. Baffa ya ce duk don kada hasken ya fita ya sami wanda ba shi aka nufa ba. Bayan bangon gabas kuwa baranda ce, inda za a jera benci 'yan jinya su zauna.

Ranar da muka zuba bangon gabas hadari ya haɗo. Na yi sauri, ban bi katakon da kafinta ya kafa na tare kankare da tef ba kamar yadda na saba. Da aka cire katako sai na ga wajen kusurwa bangon ya tsuke, ya rasa inci shida. A fasa shi asara ce mai yawa, ga sunana, ga na Baffa da ya kawo ni. Ɗan kwangila ya zo ya duba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba oga, to filasta me take yi?" Haka muke yi, kowane magini ya sani. In bango ya karkace, filasta za ta cinye. Muka cike wurin da fasassun bulo ta waje, muka shafe, ya yi sumul. Ko ni in na tsaya a gabansa ba na ganewa.

Baffa gwiwa ta hana shi hawa da sauka, saboda haka littafin awona ya nema. Ya ce, "Ba abin da aka zana nake so ba. Abin da aka gina, kafin filasta." Na kai masa. Duk abin da ke ciki gaskiya ne sai lamba ɗaya. Kaurin bangon a wannan kusurwa na goge, na rubuta na takardar zane. Ban san lambobi suna riƙe da juna ba. Ban san tsayin bangon arewa da na lanƙwasar hanya, da na bari yadda na auno su, ba za su yarda da wannan ɗaya ba.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ya fahimtar da ni. Yana gina ɗakin a cikin kwamfuta da lambobi, ya yanka shi gona-gona: nan kankare, nan iska, nan ƙofa, nan ƙasa. Sai ya saki ƙwayoyin hasken daga inda injin zai zauna, da yawan da ba ya ƙirguwa, kwamfutar na bin kowace ɗaya tana ganin inda ta shiga da inda ta mutu. Su ya kira awaki, wai kamar sakin dabbobi ne bayan girbi. Duk inda akuya ta taka dole kwamfutar ta san gonar wa ce. In ta taka inda gonaki biyu suka hau juna, ko inda ba na kowa ba, sai ta ce ta ɓata. In goma suka ɓata sai aikin ya tsaya cak, ba za ta ba da amsa ba.

Ranar farko da ta tsaya dariya ya yi. Ya ce ba wanda ke gina irin wannan bai ɓatar da akuya ba, wata alamar lissafi ce ya juya. Ya samo ta ya gyara. Ya sake samo wata a wajen ƙofa, ita ma tasa ce, ya gyara. Amma ta ci gaba da tsayawa. Takan rubuta masa inda kowace akuya ta ɓata, kuma duk wuri ɗaya suke nunawa, kusurwar gabas.

Nan ya tambaye ni, sau ɗaya tak. Muna zaure bayan azahar, ya cire tabarau ya ce, "Kai magini, awon kusurwar nan daidai yake?"

Na ce, "Daidai yake, Baffa."

Ya ce, "To ni ne." Bai sake tambaya ba.

Na ga yadda mutum ke neman abu da gaske. Ya rushe kusurwar a cikin kwamfutar ya sake ginawa, ban san sau nawa ba. Ya kwashe kankaren da iskar ya bar ɗakin fanko, ya watso awakin daga waje ta kowace fuska don su shiga kowane lungu, suka sake ɓata a nan. Ya cire hanyar mai lanƙwasa, aikin ya tafi lafiya, ya mayar da ita, ya tsaya. Ya buga lambobin a takarda da manyan haruffa yana bi da gilashin ƙara girma, layi-layi, yatsa a kai. In rana ba ta fito ba batir ya mutu a tsakiyar aiki, sai a koma farko. 'Yan majalisa in sun gan shi ya fito masallaci sai su ce, "Malam, yau nawa suka ɓata?" Da farko yakan ce, "Goma, kamar jiya. Ku taya ni cigiya." Daga baya ya daina amsawa.

Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Kwamfutar na iya zana ɗakin kamar an yanka shi da wuƙa, kowane yanki da launinsa, kuma inda matsala take takan ja jan layi a tsinke-tsinke. Shi ba ya iya ganinsa. Sai ya mayar da ni idonsa. In na taso daga aiki in zauna a gefensa, yana matsar da zanen yana ƙara masa girma, yana cewa, "Duba da kyau. In ka ga ja a tsintsinke ka faɗa mini."

Na gan shi. Wata ranar Laraba ce, ana ta banƙasa a gonaki, ina jin waƙar 'yan gayya daga gonar bayan gida. Ya ƙara wa kusurwar girma har ta cika fuskar kwamfutar, sai ga shi nan, siriri kamar zare, ya taso daga bangon arewa ya bi daidai inda muka cusa bulon. Kamar kwamfutar tana wurin ranar.

"Ka ga wani abu?"

"Ban ga komai ba, Baffa."

"Ka tabbata?"

"Sai launin toka da shuɗi."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To mu gangara ƙasa."

Ba ni da wani bayani a kan wannan. Na yi ta neman wanda zan ba kaina ban samu ba. Tsoro ne kawai, irin na ƙato mai furfura da ba ya son tsoho ya dube shi da ido ɗaya.

Daga nan ya fara canzawa. Ya fara tambayar Inna ko ya yi la'asar, alhali ya yi. Ba mantuwa ba ce, ya daina yarda da kansa ne. Ya daina auna gero. Dagaci ya aiko a kan wata iyaka, ya ce wa ɗan aiken, "Ku nemi wani. Wanda ya kasa rufe ɗaki ɗaya ba zai raba wa mutane gona ba." Rigimar nan har kotu ta kai, har yau gidajen biyu ba sa gaisawa.

Alhaji mai asibiti ya zo da kansa. Injin ya iso yana cikin akwatunan katako, masu haɗa shi na jira, marasa lafiya har sun fara zuwa tambaya. Mutumin kirki ne, ya zauna a tabarma ya cire hula. Ya ce, "Malam, awaki goma kacal a cikin waɗannan duka? Ko a kasuwa ai ana yafe tsaba."

Baffa ya ce, "Alhaji, ba goman ba ce. Inda suka bi nake so in sani."

"To a kwamfuta ne fa, ba a ginin ba. Ga maginin nan, shi ya yi da hannunsa. Ko ba haka ba, oga?"

Na sunkuyar da kai na ce haka ne.

Baffa ya ce, "Na sani. Ginin yaron nan ba shi da aibi. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba. In ka gaji da jira ka kai wa mai ido."

Alhaji ya ce ba zai kai wa kowa ba, sunan Malam yake so a takardar. Ya tashi ransa a ɓace. Inna ta leƙo daga soro bayan ya tafi ta ce, "Malam, kai da ka san zafin layin nan, kai ne kuma za ka tsayar da mutane a layi?" Ya jawo gilashinsa ya koma kan takarda.

Na yi niyyar faɗa masa. Wallahi na yi. Da zazzaɓi ya kwantar da shi na shiga ɗakinsa da hantsi, na shirya maganar tun daga gida, na maimaita ta a hanya. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Baffa, akwai wata magana." Sai ya kamo hannuna. Hannun ba nauyi, kamar karan dawa. Ya ce, "Ni ma akwai. Ka yafe mini, ɗan nan. Ka yi aiki mai kyau na tsare maka shi, mutane na cewa ginin ne. Ba ginin ba ne. Kaina ne ya tsage ban sani ba."

Na ce, "Ba komai, Baffa."

Abin da na ce ke nan. Ni na yafe masa. Bayan kwana biyu ya cika.

Ranar addu'ar uku wani tsohon ɗalibinsa ya zo, yanzu shi ma dakta ne a jami'a, mutum mai ladabi, ya yi kuka sosai a gaban mutane bai ji kunya ba. Bayan an shafa fatiha ya roƙi Inna ta ba shi kwamfutar, ya ce ba ya son aikin Malam na ƙarshe ya mutu a akwati. Muka shiga zaure, shi da ɗan Baffa da Alhaji mai asibiti da ni. Ko shayin da aka kawo masa bai huce ba ya samo jan layin.

Ya ce, "Ga shi. Lambobi ne ba su haɗu ba, ɗan wuri ya rage ba na kowa ba." Ya girgiza kai. "Allah sarki tsufa. Malam da idonsa, wannan ba zai ɗauke shi minti biyar ba. Shi ya koya mana neman irinsa."

Ɗan Baffa ya ce, "Dama mun lura kan ya fara gajiya."

Daktan ya juyo ya dube ni. "Yaya, kai ne maginin ko? Kaurin bangon nan dai haka yake kamar yadda aka rubuta?"

Na gyaɗa kai. Ban ma buɗe baki ba a wannan karon.

Ya ce to sai a jawo bangon arewa ya same shi. Ya taɓa lamba ɗaya, jan layin ya ɓace. Ya saki awakin. Muka zauna muna kallo har aka kira la'asar, muka je muka dawo, aikin na tafiya, ba ko ɗaya da ta ɓata. Alhaji ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Ya ce sunan Malam za a rubuta a ƙofar ɗakin. Daktan ya ce zai bar ta ta gama lissafi, in amsar ta yi kyau zai sa hannu a madadin malaminsa. Amsar kuwa za ta yi kyau, don bangon da ke cikin kwamfutar cikakke ne. Na tsaya ina kallonsa yana rufe ta a hankali, yana goge mata ƙura da hannun riga, na ce a raina, shi ma filasta ya yi, bai dai sani ba.

Ban san ko inci shida na kisa ba. Ba ni da ilimin da zan sani. Wanda zai gaya mini gaskiya ba tare da ya duba fuskar kowa ba, shi ne muka rufe a ƙasa mai ruwa. Abin da na sani shi ne wata mata za ta zauna a bencin nan da goyo a baya tana jiran a fito da mijinta, ta jingina da bangon don ta huta, gobe ma ta dawo ta jingina.

Kuma na san ba abin da zan yi yanzu da zai isa gare shi. Ya tafi yana ganin kansa ya lalace, 'ya'yansa ma haka za su gaya wa jikoki, cewa a ƙarshe tsohon ya ruɗe. Bai ruɗe ba. Wata biyar yana nuna wuri ɗaya da yatsa, kuma wurin ne. Wanda ya karanta wannan ya riƙe haka game da shi, in ma ya manta sauran. Allah ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda idonsa ya yi duhu, ya haɗa shi da 'yarsa, ya ba Inna haƙurin zama da mu. Ni ban san da wace fuska zan roƙa wa kaina ba.

Bakina na gwada har sau huɗu, bai yi ba. Saboda haka washegari, da aka idar da asuba, ban koma tabarmar gaisuwa ba. Na ɗauki guduma da cizal da tef na zuba a buhu, na tari motar farko mai kai kayan miya birni. Mai gadin asibitin ya san ni. Ya taso yana cewa, "Oga, ashe haƙuri aka yi, ya ƙarin haƙuri?" Na amsa, na wuce shi, na zagaya baranda. Har an yi fenti, an jera benci biyu.

Na ja benci ɗaya gefe, na auna daga kusurwa, na kafa cizal. Filastar ta yi ƙarfi, ni na kwaɓa ta. A bugu na bakwai ko na takwas ta saki, ɓallin ya faɗo, fasassun bulon suka biyo shi har kan ƙafata. Mai gadi ya zo a guje yana salati, "Oga, lafiya? Oga, me kake yi haka?" Na ce ya kira Alhaji, ya ce masa ya taho da daktan jiya. Na ci gaba da fasawa har na kai kankare, na share ramin da hannu, na zura tef a ciki na bar shi a maƙale yadda duk wanda ya zo zai karanta da kansa. Sannan na zauna a kan bencin ina jiran wanda zai fara isowa.